Neman inshorar gida da tarihin bashi: bayani daga yankin Mayahi da Tasawa

1. Gabatarwa

Tambayar da muke son dubawa a wannan takarda ita ce: shin wanda ke shirin sayen gida da bashin banki, in ya zagaya kamfanonin inshora yana tambayar farashi, hakan na iya ɓata masa suna wurin banki? Mun ɗauki misalin ma'aikacin albashi, malamin makaranta ko jami'in lafiya, da ke aiki a ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey ta gundumar Mayahi, yana kuma neman gida a Mayahi, Tasawa ko Maraɗi.

2. Asalin tambayar

A Amurka tambayar ta taso, inda kamfanin FICO ya fito da makin bashi na gama-gari a 1989. A can ana bambanta duba iri biyu. Duba mai nauyi shi ne wanda banki ke yi sa'ad da mutum ya nemi rance, yana kuma iya rage maki kaɗan. Duba mai sauƙi shi ne irin wanda kamfanin inshora ke yi kafin ya yanke farashi, ba ya kuma taɓa makin. Ke nan neman inshora ba ya rage maki, amma makin da ya lalace yana iya tsadantar da inshora.

3. Tsarin ƙasashen UEMOA

A nan, bankin BCEAO ya ba kamfanin Creditinfo VoLo, wanda daga baya ya koma Creditinfo West Africa, izinin tattara bayanan bashi (Bureau d'information sur le crédit, BIC), ya kuma fara aiki a 2016. Bankuna, cibiyoyin ƙananan rance da manyan kamfanonin wuta, ruwa da tarho su ne ke ba shi bayani, kuma banki yana duba bayanan mutum da amincewarsa. Tambayar farashin inshora ba neman rance ba ce, don haka ba ta shiga wannan rajista.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin biya. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke bi tun 1995, an gyara sashenta na 13 a 2011: inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Banki kuma yakan nemi inshorar rai da ta gobara kafin ya saki kuɗi. In mai saye ya ciwo ƙaramin rance don biyan wannan kuɗi, rancen zai bayyana a BIC, ya kuma cinye wani ɓangare na kason albashin da aka yarda a cire don biyan bashi. Ta haka ne kuɗin gidan da banki zai bayar ke iya raguwa.

4. Matsalar takardar fili

A ƙauyukan El Allassane Maïreyrey galibin gidaje na ƙasa ne, a kan filin gado. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu ba da shaidar mallaka, amma jinginar gida a ƙarƙashin dokar OHADA tana bukatar fili mai rajista (titre foncier). Saboda haka ma'aikaci yakan dogara ga albashinsa da ke biyowa ta bankin, abin da ke ƙara wa tarihin bashinsa nauyi.

5. Kammalawa

Muna ganin abubuwa uku ne ya kamata mai saye ya kiyaye. Ya tambayi kamfanoni da dama ba tare da tsoro ba. Ya tanadi kuɗin inshora daga aljihunsa, ko ta adashi, kafin ya kai takardunsa banki. Sannan ya karanta yarjejeniyar da kyau, ya ga ko ta ƙunshi ambaliya, domin ruwan daminar 2024 da ya rusa gidaje masu yawa a jihar Maraɗi ya nuna cewa ba gobara kaɗai ke cin gida ba, bashin banki kuwa yana nan ko gidan ya faɗi.