Allah da Halitta a Koyarwar Cocin Katolika

Kowace Lahadi, da zarar fada ya kammala wa'azi, sai masu ibada a cocin Katolika su miƙe tsaye su furta shaidar bangaskiyarsu da murya ɗaya. Haka ake yi a Rum, haka ake yi a Manila, haka ake yi a Kafanchan da Maraɗi. Mabiya wannan coci sun haura biliyan 1.3 a duniya, wasunsu ma katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, amma yawancin abin da ake faɗa a kan aƙidarsu ji-ta-ji-ta ce. To me suke cewa game da Allah da halittarsa?

Tushen komai a wurinsu shi ne Allah ɗaya ne. Ba shi da farko, ba shi da ƙarshe, ba ya canzawa, ba jiki gare shi ba, balle a ce namiji ne ko mace. Babban taron bishop-bishop da aka yi a Lateran, cikin birnin Rum, a 1215 ya yi gargaɗin cewa duk kamannin da mutum zai hango tsakanin Mahalicci da abin halitta, bambancin da ke tsakaninsu ya fi shi girma nesa. Duk da haka cocin na koyar da cewa hankali kaɗai zai iya kai mutum ga sanin akwai Allah, in ya dubi halitta da idon basira. Taron Vatican na farko ya tabbatar da wannan a 1870. Tun kafin nan malamin nan ɗan Italiya, Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara hujjoji biyar a kai. Ɗaya daga ciki ita ce, duk abin da ya samu yana da sanadi, sanadin ma yana da nasa, kuma ba zai yiwu a yi ta komawa baya ba iyaka. Dole a tsaya ga Wanda ba shi da sanadi.

Inda maganar ta fi wuyar fahimta shi ne Triniti. Katolika sun gaskata Allah ɗaya ne a zatinsa, amma Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, daidai suke a girma da dawwama. Sun ce wannan asiri ne da hankali ba zai gano shi da kansa ba, sai ta wahayi. An sha gumurzu kafin a daidaita yadda za a faɗe shi. A farkon ƙarni na huɗu wani limamin coci a Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya koyar da cewa Ɗa halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Rigimar ta yi ƙamari har Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop a Nisiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya ta yau, a shekarar 325. Taron ya yi watsi da ra'ayin Ariyus, ya ce zatin Ɗa da na Uba ɗaya ne. A 381 wani taron a Kustantiniya ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Daga waɗannan taruka biyu aka samo shaidar da ake karantawa ranar Lahadi. Ana ganin aƙidar a aikace tun daga bakin ƙofar coci: mai shiga zai tsoma yatsu cikin ruwan tsarki, ya taɓa goshi, ya taɓa ƙirji, sannan kafaɗar hagu da ta dama, yana ambaton sunayen nan uku.

Abu biyu ake yawan kuskurewa a nan. Da suka ce Ɗa, ba haihuwa ta jiki irin ta miji da mata suke nufi ba. Maryamu kuma ba ta cikin Triniti. Halitta ce, ana girmama ta, amma bauta ta Allah ce kaɗai. Ko da an gyara waɗannan, saɓanin da ke tsakanin Katolika da Musulmi yana nan daram: Musulunci bai yarda da Triniti ba, kuma kowane ɓangare ya san da haka.

Game da halitta, koyarwar ita ce Allah ya yi komai daga babu. Mai ginin tukwane sai ya samu yumɓu kafin ya fara aiki, amma Allah bai tarar da komai a ajiye ba, har lokaci kansa halitta ne. Ya yi abin da ake gani da wanda ba a gani, wato har da mala'iku. Ba don yana da wata buƙata ya yi ba, sai don alherinsa, kuma bai yi ya juya baya ba. Shi ke riƙe da kowane abu a kowane lokaci. Saboda haka halitta mai kyau ce tun asali. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yanzu, ya yi shekaru cikin ɗarikar Mani, masu cewa haske da duhu iko biyu ne da ke kokawa tun azal. Da ya bar su sai ya bayyana cewa mugunta ba wata halitta ba ce mai zaman kanta, tawayar alheri ce. Shaiɗan ma, a koyarwar cocin, mala'ika ne da aka halitta da kyau, ya ɓata da zaɓin kansa.

Kwanaki shidan halitta da Littafin Farawa na cikin Littafi Mai Tsarki ya ambata fa? Cocin bai tilasta wa kowa ya ɗauke su a kwanaki masu awa 24 ba. Hasali ma wanda ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, ya kuma ce daga wani mafari guda ya taso, fada ne ɗan Beljiyam, Georges Lemaître. A 1950 Fafaroma Pius na 12 ya ce babu laifi a binciki batun rikiɗar jikin ɗan Adam daga halittun da suka gabata, muddin an riƙe cewa ran kowane mutum Allah ne ke halittarsa kai tsaye.

Daga nan darajar mutum ta samo asali, domin a cikin surar Allah aka yi shi, mace da namiji, attajiri da talaka. Duniya kuma amana ce a hannunsa. A kan wannan Fafaroma Francis ya gina wasiƙarsa ta 2015 mai suna Laudato Si', inda ya ja kunne kan ɓata muhalli, yana mai nuna cewa talaka ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa.

A 1965 taron Vatican na biyu ya bayyana cewa cocin na kallon Musulmi da mutunci, domin suna bauta wa Allah ɗaya, Mahaliccin sama da ƙasa. Sanin aƙidar wani ba ya nufin karɓar ta. Mai karatu, in za ka ba da labarin abin da maƙwabcinka ya gaskata, ka faɗe shi yadda shi da kansa zai ji ya ce haka ne. In wani abu ya shige maka duhu, tambaye shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.