Ɗan kwangilar soja da maganar "ku yarda da ni"

Yau zan ɗauke ku zuwa Amurka, mu ga yadda ma'aikatar tsaronsu ta daina yarda da maganar baki daga 'yan kwangilarta a kan tsaron bayanai. Amma bari in fara da wani abu da ya faru a Ostireliya, don shi zai sa ku gane inda matsalar take.

A 2016 masu kutse sun shiga kwamfutocin wani ƙaramin kamfani a can, mai ma'aikata kusan 50, wanda yake karɓar ƙananan ayyuka daga manyan 'yan kwangilar soja. Suka kwashe bayanai kusan gigabait 30, ciki har da na jirgin yaƙi F-35. Kun san kalmar sirrin da aka samu a wasu na'urorinsu? "admin" da "guest". Mutum ɗaya ne kacal yake kula musu da kwamfutoci. To ka ga ɓarawo bai wahalar da kansa a ƙofar Pentagon ba, ya zagayo ta inda katanga ta fi gajarta.

Abin lura, bayanan ba na babban sirri ba ne. Akwai wani aji da Amurka take kira CUI, wato bayanan da ba a buga musu tambarin sirri ba, amma kuma ba a yarda su shiga hannun kowa ba: zanen wani ƙarfe na jirgi, ma'auninsa, sakamakon gwaji. Ɗaya-ɗaya kamar ba komai, amma in ka tara su, ai ka kusa haɗa jirgin.

Domin kare su, hukumar NIST ta fitar da kundi mai lamba 800-171, mai sharuɗɗa 110. Misali, kalmar sirri kaɗai ba ta isa ba, sai an ƙara tabbaci na biyu. A kulle bayanai ta yadda ko an sace ba za su karantu ba. A riƙa ajiye tarihin wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Aka ba 'yan kwangila zuwa 31 ga Disamba 2017 su cika, aka kuma ce in an yi musu kutse su kai rahoto cikin awa 72.

To a ina gizo yake saƙar? Kamfani ne yake duba kansa ya ba kansa maki. Mafi girma 110, mafi ƙanƙanta kuwa 203 ƙasa da sifili. Ɗalibi ya rubuta jarrabawa, kuma shi ya yi makin. Me kuke tsammani?

Wani kamfani mai suna MORSE Corp ya ba kansa 104. Da masu bincike na waje suka duba, sai suka samu 142 ƙasa da sifili. A 2025 ya amince ya biya dala miliyan 4.6. Kafinsa, a 2022, Aerojet Rocketdyne mai ƙera injinan roka ya biya dala miliyan 9, bayan wani tsohon ma'aikacinsa ya fallasa shi. Dokarsu kuwa tana ba mai fallasa kaso a cikin kuɗin, don haka wanda ya san gaskiya a cikin gida yana da dalilin buɗe baki.

Shi ya sa aka kawo tsarin CMMC, mai hawa uku. Hawa na farko sharuɗɗa 15 ne, kamfani ya duba kansa duk shekara. Na biyu shi ne 110 ɗin nan, kuma a yawancin kwangiloli masu bincike na waje ne za su zo duk shekara uku. Na uku an ƙara 24 a kai, gwamnati da kanta take dubawa. Daga 10 ga Nuwamba 2025 aka fara sa shi a cikin kwangiloli, mataki-mataki. In ba ka da shaidar, ba ka da aikin. Gani ya kori ji.

Sai maganar aiki tare. Babban kamfani yana tura zane ga ƙarami, ƙarami ya tura wa wanda ya fi shi ƙanƙanta, sharaɗin kuma yana bin bayanan duk inda suka je. Ba za ka jefa su a imel na kyauta ba. Rumbun intanet ɗin da za ka ajiye su dole ya kai matakin tsakiya na tantancewar gwamnati da ake kira FedRAMP, ko daidai da shi. Shi ya sa Microsoft yake da GCC High, Amazon kuma yake da GovCloud, inda bayanan suke zaune a cikin Amurka. Ɗaya daga cikin laifukan MORSE ma shi ne ya ba wani kamfani riƙon imel ɗinsa ba tare da tabbatar da wannan matakin ba.

Gaskiya abin yana da tsada, kuma ƙananan kamfanoni suna kuka. Dabarar da wasu suke yi ita ce su keɓe wani ɗan sashe, su zuba bayanan a can kaɗai, mutane kaɗan ke shiga. Ɗaki ɗaya ya fi gida guda sauƙin gadi.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne: a wannan harkar, abin da ba ka iya nuna shaidarsa ba, kamar ba ka yi shi ba ne. Kai da kake koyon tsaron intanet, kada ka tsaya a koyon kutse kawai. Koyi rubuta tsari da ajiye shaida, don su mai bincike zai fara tambaya.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.