Labarin Jirgin Ruwa Lady Nelson

Yau za mu kai masu karatu can ƙasar Ostireliya, mu ba su labarin wani ɗan jirgin ruwa wanda tsawonsa bai wuce ƙafa 53 ba. An ƙera shi a bakin Kogin Tems a Ingila, gwamnati ta saye shi cikin 1799, sunansa Lady Nelson. A zamanin nan babu inji, sai filafilai, watau manyan zannuwa da a ke ɗaurawa bisa dogayen itatuwa iska ta riƙa turawa.

Abin da ya bambanta shi da sauran jirage dabara ce ta wani Kyaftin John Schank. Ya sa masa alluna uku a ƙarƙashi, waɗanda a ke saukarwa cikin ruwa mai zurfi domin kada iska ta kwashe jirgin gefe guda, in an zo wurin da ruwa ba zurfi kuwa sai a janye su sama. Da haka ya kan kusanci gaɓa, ya shiga bakin kogi inda babban jirgi ba ya ko kusata. Tsofaffin matuƙa da suka gan shi sai dariya, suka yi masa laƙabi da akwatin ƙyastun Sarki, suna cewa ba zai kai ko'ina ba.

Laftanan James Grant ya tashi da shi daga Ingila cikin Maris 1800. Yana Keftawun takarda ta same shi, aka umurce shi ya bi ta mashigin ruwan da ke tsakanin Ostireliya da tsibirin Tasmaniya, wanda Bass da Flinders suka tabbatar da shi shekara biyu kafin nan. Ya bi, ya iso Sidni ran 16 ga Disamba. Shi ne jirgi na fari da ya ratsa mashigin daga yamma zuwa gabas, hanyar kuwa ta rage wa masu zuwa daga Ingila tafiya mai yawa.

Cikin Fabrairu 1802 John Murray, wanda ya gaji Grant, ya shigar da jirgin wani makeken lungun teku da a ke kira Port Phillip, inda birnin Malbon ya ke yanzu. To, a nan muna so akawuna su kasa kunne. Bayan wannan aiki duka, manyan sojan ruwa a Ingila suka duba takardun Murray, suka tarar bai cika shekara shida na aiki da doka ta ce ba kafin a ba mutum laftanan. Aka ƙi tabbatar masa da muƙamin, aka karɓe jirgin daga hannunsa. A ganinmu an tsananta masa, amma ai shi ya ba da lissafin da bai cika ba.

Allunan nan ma ba kullum suka yi rana ba. Da jirgin ya raka Flinders arewa cikin 1802 sai suka lalace a wuraren da ruwa ba zurfi, ya zama yana jan tafiya baya, har aka komo da shi Sidni.

Daga nan ya koma jirgin aike. Yana cikin jirage biyu da suka kai Turawan fari, da soja da fursunoni, su zauna Tasmaniya cikin 1803. Ba za mu ɓoye ba, duk gaɓar da ya auna akwai masu ita tun shekaru dubbai. Tun a Port Phillip mutanen Murray sun buɗe wa 'yan ƙasa wuta, a Tasmaniya kuwa kafin shekara talatin yaƙi da cuta da ƙwace ƙasa sun kusa ƙare su.

Cikin 1824 aka tura shi tsibirin Melville, can arewa, inda Ingilishi suka kafa sansani mai suna Fort Dundas. Abinci ya yi wuya, ciwon rashin ɗanyen abinci ya kama mutane. Cikin Fabrairu 1825 aka aike shi tsibiran da ke wajen Timor ya sayo dabbobi. Mutanen sansani suka yi ta duban teku, shiru. Daga baya labari ya zo cewa a tsibirin Babar aka faɗa wa matuƙansa aka kashe su, aka hallaka jirgin. Sansanin kansa an watsar da shi cikin 1829.

Cikin 1988 mutanen Tasmaniya suka ƙera wani irinsa, suka sa masa sunan nan, aka ajiye shi a tashar jiragen Hobart.