Motar Kara Da Rula: Yadda Ake Ƙera Ƙaramar Motar Soja



Da zarar an gama girbi a Gaya da Ajingi, za ku ga yara suna jan motar kara ko ta gwangwani a kan layi. Wasu ma har ta soja suke yi. To amma sau da yawa sai ku ga tayar ta yi wa motar girma, ko ƙofar ta yi ƙanƙantar da ko direba ba zai shige ba. Abin da ya rasa a nan shi ne awo.

A duniya akwai manya da yara da suke ƙera ƙananan motocin yaƙi masu kama da na gaske sak. Sirrinsu shi ne suna rage kowane ɓangare da adadi ɗaya. Awon da aka fi sani shi ne 1:35, wanda kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya yaɗa tun shekarun 1960. Ma'anarsa, santimita 1 a jikin ƙaramar mota tana matsayin santimita 35 a jikin babbar.

Ba sai mun je Japan neman motar da za mu kwaikwaya ba. Kamfanin ƙera kayan tsaro na Najeriya, wato DICON, wanda aka kafa a Kaduna a 1964, ya ƙera mota mai sulke mai suna Ezugwu. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da ita a Kaduna a watan Disamba na 2019. An yi ta ne don ta kare sojojin da ke ciki daga nakiya da harin kwanton ɓauna. Shi ya sa irin waɗannan motoci suke da tsayi daga ƙasa, da manyan tayoyi, da ƙananan tagogi.

Ga yadda lissafin yake. A ce tsawon motar mita 7 ne, wato santimita 700. Raba shi da 35, ka samu santimita 20. In faɗinta santimita 245 ne, naka zai zama 7. Taya mai tsayin santimita 105 za ta koma 3, kusan girman murfin robar ruwa. Sojan da tsayinsa ya kai santimita 175 kuwa zai zama 5 kacal. Wannan darasin rabawa ne da muke yi a aji, sai dai yanzu ana iya taɓa amsar da hannu.

Kayan aikin duk muna da su: kwali, kara, tsinken tsintsiya, tsohon silifa, gam, almakashi, fensir da rula. Fara zana gefen motar da gabanta da samanta a takarda da awon da ka samu, sannan ka yanka kwali a kai. Yanko tayoyi daga silifa, ka tsaga musu zane a gefe. Tsinke zai zama sandar taya, farar roba mai haske kuma ta zama gilashi.

Daga nan sai ƙananan abubuwa, su ne ke sa mai kallo ya tsaya: madubi, fitila, matakala, hannun ƙofa da tayar safaya. Su ma a auna su. Wajen fenti, a haɗa kore da ruwan ƙasa da ɗan baƙi. Motar aiki ba ta sheƙi, don haka shafa ɗan gam a tayoyi ka barbaɗa ƙasa mai laushi, sai ta yi kamar ta sha hanya.

Gargaɗi biyu. Kada kowa ya je shingen bincike ko kusa da bariki yana ɗaukar hoton motar soja, zai iya jawo wa kansa da iyayensa matsala. A nemi hoto a jarida, ko a roƙi malam ya duba a intanet. Na biyu, reza da bakin gwangwani suna yanka, a yi aiki a gaban babba.

Muna roƙon malaman lissafi da na fasaha su ware mana rana guda ta baje koli, kowa ya kawo motarsa tare da takardar awonsa. A sa rula a gwada, wanda awonsa ya fi daidai shi ne gwani.