3.4 Matsayin Kwamfuta a Wankin Ƙoda na Ɗakin Kulawa ta Musamman

Kamar yadda aka bayyana a baya, abin da Bahaushe yake kira "wankin ƙoda" a haƙiƙa jini ne ake tacewa, wato na'ura ce take karɓar aikin ƙodar da ta gaza. Willem Kolff ne ya fara ƙera irin wannan na'ura a ƙasar Holan a shekarar 1943. Idan ciwon ya tsananta ga mutumin Dagumawa, akan kai shi Kano, musamman Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake wankin ƙoda, aka kuma fara dashenta a 2002.

Wankin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne wanda aka saba da shi, na awa 4, sau 3 a mako. Na biyu kuwa na majinyacin da yake kwance rai a hannun Allah ne, wanda ƙarfin jininsa ya faɗi, ta yadda janye masa ruwa da sauri zai iya hallaka shi. Shi akan tace jininsa sannu a hankali, dare da rana. Peter Kramer ne ya ɓullo da wannan hanya a Jamus a 1977.

Wannan nau'i na biyu aikin lissafi ne. Ƙa'idar da ƙungiyar KDIGO ta fitar a 2012 ta nuna a tace mililita 20 zuwa 25 ga kowane kilo na nauyin majinyaci cikin awa guda. Misali, mai kilo 60 yana buƙatar mililita 1,200 zuwa 1,500. A asibitocin da suke amfani da kwamfuta, likita yakan shigar da nauyin, ita kuma ta fitar da adadin, ta yi gargaɗi idan ya wuce kima. Haka kuma na'urar takan aika da bayanin ruwan da ya shiga da wanda ya fita cikin kundin majinyaci kai tsaye.

Muhimmancin wannan shi ne, sau da yawa abin da likita ya rubuta ba shi majinyaci yake samu ba, domin jini yakan daskare a matata, aiki ya tsaya. Rubutun hannu yana iya ɓoye wannan giɓi, amma kwamfuta tana ƙirga sa'o'in da aka rasa, likita ya gani ya cike su.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kwamfuta ba ta maye gurbin likita ko ma'aikaciyar jinya ba. Aikinta shi ne tsare lissafin da ran majinyaci ya rataya a kansa.