Keke Da Sana'a Domin 'Yan'uwanmu Mata Guragu

'Yan'uwa manoma, a shekarar 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan-inna ta daji daga Nijeriya, amma matan da ta gurgunta tun suna yara suna nan cikinmu. Keken guragu mai taya uku, wanda ake tuƙawa da hannu, yakan raba mace da rarrafe, ya kai ta kasuwa da sujada.

Amma keke kaɗai ba ya ciyar da mutum. Mu karɓe su cikin ƙungiyoyinmu, su koyi ɗinki, saƙa ko kiwon kaji, mu ba su rance kamar kowa.

A ƙofar majami'a kuma mu gina gangara domin keke ya shiga. Idan tsayin dakali inci 6 ne, tsawon gangarar ya zama ƙafa 6. Bayan girbi sai mu fara.