Ko Ka San Abin da Ke Raba Ƙarfe da Ƙarfe a Cikin Inji?

Ko ka sani, ya kai mai karatu, cewa a cikin injin motar da ta ɗauko ka daga Kano zuwa Katsina, murɗaɗɗen ƙarfen nan da kanikawa ke kira karanshaf, wanda fistin ke dankarawa da ƙarfin wutar fetur har ya juya sau 3,000 a minti guda, watau sau 50 kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, ba ya taɓa mazauninsa muddin yana cikin gudu? Tsakaninsa da mazaunin nan, wanda 'yan gareji ke ce wa metal, akwai wani shamaki na baƙin mai, wanda a inda ya fi sirancewa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi ba; kuma a kan wannan ɗan shamaki ne nauyin aikin inji duka ya rataya, domin ranar da ya yanke, ko da na 'yan daƙiƙoƙi ne, sai ƙarfe ya ci ƙarfe, zafi ya narkar da metal, direba ya sauko yana salati, a ce inji ya buga. Bayan raba ƙarfe da ƙarfe, man nan shi ne ke kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin, shi ke wanke dauɗar ƙuna, shi ke liƙe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda. Saboda haka mas'alar da ta sha kan maƙeran inji tun farkon al'amari ita ce yadda za a kai mai inda ake bukatarsa, a kan kari, bisa gwargwado, ba tare da an dogara ga tunanin ɗan Adam ba, wanda aka san shi da mantuwa.

A zamanin injin tururi da hannu ake wannan hidima, har akan tsai da jirgin ƙasa a tsakiyar tafiya, ma'aikaci ya sauko da butarsa ya bi gaɓoɓin inji ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu mai. Cikin masu wannan aiki akwai Elijah McCoy, wanda iyayensa suka gudo daga bauta a Kentucky suka haife shi a Kanada, ya je Edinbara ya karanci ilmin injuna, amma da ya komo Amurka bai sami aikin da ya wuce zuba gawayi da ɗiga mai a kamfanin jirgin ƙasa na Michigan Central ba. Shi ne a 1872 ya yi rajistar wani ƙoƙo da ke shayar da silinda mai da kansa alhali inji na tafiya. Da Nikolaus Otto ya fito da injinsa mai bugu huɗu a 1876, Karl Benz kuma ya ɗora inji a kan keke mai ƙafa uku a 1886, sai suka gaji dabarar mutanen tururi: ƙoƙon tagulla mai gilashi a bisa kowace gaɓa, da allura a cikinsa wadda ake murɗawa don a ƙayyade yawan ɗigo. Illar ƙoƙon nan a bayyane take. Ba shi da labarin ko inji na gudu ko yana tafiyar hawainiya, da sanyin asuba mai ya yi kauri ya ƙi sauka, da zafin azahar ya tsinke ya kwarara, in kuwa aka kashe inji aka manta ba a rufe allura ba, sai a wayi gari mai ya tsiyaye ƙasa.

Kafin mu wuce nan, wajibi ne mu tsaya a kan wani abin ta'ajibi da ya auku a Ingila a 1883, domin shi ne mabuɗin fahimtar dukkan abin da ya biyo baya. Ƙungiyar injiniyoyin ƙasar ta ɗora wa wani masani mai suna Beauchamp Tower aikin binciken gugar da ke aukuwa a mazaunin gatarin tarago, sai ya samo sandar ƙarfe mai kaurin inci 4, ya kifa mata mazauni na tagulla daga sama, ya aza nauyi, ya tsoma cikinta a kaskon mai, ya sa tana juyawa. Ana nan sai ya huda ramin rabin inci a ƙoƙuwar tagullar da nufin ɗaura ƙoƙon mai; amma da aka tada na'ura sai ga mai yana ɓulɓulowa daga ramin, yana ɓata wuri. Ya toshe da toto, mai ya tunkuɗo shi. Ya kafa turken itace, shi ma sannu a hankali ya fito. Da ya ga abin ya wuce wasa sai ya ɗaura ma'aunin matsi wanda iyakarsa laba 200 a kan kowane inci murabba'i, allura ta haura ta wuce iyaka, alhali nauyin da ya aza, in an raba shi daidai a kan mazaunin, laba 100 ne kacal, kuma babu wani famfo a wurin da za a ce shi ne ya turo man. Shekara uku bayan haka, a 1886, Osborne Reynolds, shaihin malami a Manchesta, ya warware sirrin da hujjar lissafi: tun da sanda ta ɗan fi mazauninta ƙanƙanta, ba ta zama a tsakiya sosai, sai gibin da ke kewaye da ita ya kasance da faɗi a gefe guda, da ƙunci a ɗaya gefen, yayin da take juyawa tana jan mai saboda danƙonsa daga wurin faɗi tana cusa shi wurin ƙunci, man kuwa da ya rasa mafita sai ya ɗaga ta.

Daga nan za ka fahimci wata hakika da ta kuɓuce wa da yawa daga cikin masu riƙe da sifana, wato famfon mai ba shi ne ke ɗauke da karanshaf ba. Matsin da famfon mota ke bayarwa bai cika wuce laba 30 zuwa 70 ba, alhali matsin da ke tasowa cikin shamakin nan lokacin da wuta ta tashi a kan fistin yakan kai dubbai. Aikin famfo kawai ya tabbatar mai bai yanke a bakin gibin ba, ya kuma riƙa musanya wanda ya yi zafi da mai sanyi. Sauran aikin karanshaf ne ke yi wa kansa da gudunsa. Wannan ne kuma sababin da ya sa lokacin tada inji yake da haɗari a gare shi, domin a sa'an nan ƙarfe na kwance a kan ƙarfe, gudu bai kankama ba, mai kuma ya koma ƙasa tun daren jiya; direban da ke taka totur da ƙarfi da zarar mota ta kama da sassafe, da zaton yana ɗumama ta, a ganina yana rage mata kwana ne da ƙafarsa.

Matakin da ya biyo bayan ƙoƙon ɗigo shi ne akwatin mai, wanda ni a wurina babu na'urar da ta fi shi ban sha'awa a wannan babi. Akwati ne na ƙarfe cike da mai, a cikinsa an jera 'yan famfuna masu sanda, huɗu ko shida ko fiye, kowanne da bututunsa na jan ƙarfe da ya nufi gaɓa guda, kowanne da kusar da ake murɗawa a ƙara masa ko a rage, kowanne kuma da 'yar tagar gilashi inda mai inji zai ga ɗigo na wucewa ya sami natsuwa. Inji da kansa ke motsa su ta hanyar bel ko wani hannu mai kaɗa haƙori ɗaya ɗaya, saboda haka in ya yi sauri mai ya ƙaru, in ya lafa mai ya ragu, in ya tsaya mai ya tsaya. A gefe kuma akwai mariƙin da ake juyawa da hannu kafin a tada inji don a jiƙa gaɓoɓi. Kamfanin Madison-Kipp da na Manzel a Amurka sun shahara da ƙera su, ana ganinsu a kan manyan taraktoci irin su Rumely OilPull, haka nan da yawa daga taraktocin Lanz Bulldog na Jamus, waɗanda aka fara ƙerawa a Mannheim a 1921, da akwatin Bosch suke sha. Masu baburan farko kuwa ba su sami wannan gata ba, famfon hannu ne a jikin tanki, sai mahayi ya tuna ya danna bayan 'yan milamilai, in ya yawaita hayaƙi ya turnuƙe, in ya ƙaranta fistin ya kafe, har aka zo da ƙananan famfuna irin na Pilgrim suka ɗauke masa wannan taklifi.

A yawancin waɗannan injuna man da ya shiga ya tafi ke nan, ko ya ƙone ko ya zube. Babu inda wannan almubazzaranci ya kai matuƙa kamar jiragen sama na Yaƙin Duniya na Ɗaya masu injin Gnome da Le Rhône na Faransa, waɗanda silindoginsu ke juyawa tare da farfela: man zurma ake tura musu, wannan tsiro da muke kira cika-gida, domin fetur ba ya saurin narkar da shi, ya ratsa inji ya fice ta bawul, iska ta watsa shi a fuskar matuƙi da tabaransa.

Henry Ford ya bi wata hanya dabam a motarsa Model T, wadda ya ƙera fiye da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927 ba tare da famfon mai ko ɗaya ba. Babbar ƙafar ƙarfen da ke bayan inji ita ke tsoma baki cikin mai tana watsa shi, wani mazurari ya tare kaɗan ya gangarar da shi ta bututu zuwa gaba, gindin hannun kowane fistin kuma yana dukan man da ya taru a ƙarƙashinsa. Dabara ce mai arha, sai dai in mota ta kama doguwar hawa mai yakan koma baya, metal na gaba ya kwana da ƙishi. Injin Lister na Ingila mai silinda ɗaya, wanda shi da 'yan kwaikwayonsa na Indiya suka daɗe suna niƙa mana dawa da gero, ya haɗa hanyoyin biyu: ɗan famfo mai sanda yana ɗaga mai, cokalin da ke gindin hannun fistin yana fantsama shi, kuma jinkirin gudunsa ya sa wannan ya wadatar da shi shekara da shekaru.

Amma da injuna suka ƙara sauri da ƙarfi, la budda aka koma ga tura mai da matsi ta cikin ramukan da aka huda a jikin karanshaf kanta, dabarar da Albert Pain na kamfanin Belliss a Birmingham ya yi wa rajista a 1890 domin injin tururi, ita ce kuma ke cikin kusan kowace mota yau. Famfon ba wani abin a zo a gani ba ne: giya biyu masu haƙora suna cuɗanya cikin gida matsattse, mai yana shiga tsakanin haƙori da haƙori, ya zaga ta jikin bango, in haƙoran suka haɗu a ɗaya gefen su matse shi waje. Yana tsotsowa daga kaskon da ke ƙarƙashin inji ta cikin rariya, ya bi ta filta, wadda Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka fito da ita a 1923 da sunan Purolator, ya shiga babbar hanya, ya rarrabu zuwa metal da kamshaf da kan silinda, sa'an nan ya gangaro kasko a sake zagaye. Da yake famfon ba ya sanin ya isa, an sa masa bawul mai sifirin da ke buɗewa in matsi ya yi yawa. Jar fitilar nan mai siffar buta da ke gaban direba kuwa matsi take aunawa, yawan mai aikin geji ne. Kuma a galibin motoci ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa da laba 10, don haka wanda ya gan ta ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba, sau da yawa janwe ne ke ƙarasa da shi.

Injin babur mai bugu biyu ba shi da kasko, domin fetur da iska ta ɗakin karanshaf suke bi, shi ya sa ake gauraya masa mai cikin fetur, kamar yadda har yau ake yi wa ƙaramin janareto. Aibin gauraye shi ne rabonsa ɗaya ne ko inji na hutawa ko yana jan kaya. A 1964 Yamaha ta fito da Autolube, ɗan famfo mai tankinsa dabam, wanda karanshaf ke juyawa, wayar totur kuma ke ƙara tsawon bugunsa, ta yadda mai ke bin gudu da nauyin aiki gaba ɗaya. Suzuki ma ta biyo da nata. Wasu kanikawa kan cire shi su koma gauraye don ba su amince da abin da ba sa gani ba, kuma ba a rasa su da uzuri in famfon ya tsufa. Sai dai akwai injunan da famfon ke kai wa metal mai kai tsaye, waɗannan kuwa gauraye ba ya isar musu.

Akwatin mai na dā bai mutu ba, teku ya koma. Jirgin ruwan nan Emma Maersk da aka ƙaddamar a 2006 yana da inji mai silinda 14, kowace faɗinta santimita 96, ƙarfinsa wajen kilowat 80,000, kuma mai iri biyu yake sha: ɗaya na zagayawa ga metal, ɗaya kuma ana fesa shi ta ramuka a bangon silinda daidai lokacin da ringi ke wucewa, ya ƙone ba ya komowa. Na biyun nan an haɗa shi da sinadari mai kashe tsami, domin farar wutar da ke cikin man jirgi, in ta ƙone ta gamu da laima, takan zama ruwan batir mai cin ƙarfe. Kamfanin Hans Jensen na Denmak ya daɗe yana ƙera akwatunan da ke wannan aiki, ko da yake yanzu kwamfuta ce ke ƙayyade ɗigon a sababbin jirage. Kuma da yake akan ba inji abin da ya kusa giram guda a kan kowane kilowat cikin sa'a, irin wannan jirgi in ya saki gudu yakan ƙone fiye da tan guda na man silinda a yini. Tun daga farkon 2020, da hukumar jiragen ruwa ta duniya ta rage farar wutar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5, jiragen da suka koma shan sabon man sai da aka sake musu man silinda mai ƙarancin sinadarin nan, domin in ya yi yawa bai sami tsamin da zai kashe ba, yakan daskare ya zama toka mai tauri a kan fistin, ta riƙa kankare man daga bangon silinda.